Ɗigon Hawaye: Ɗakin Kwanan Da Ke Bin Mai Shi A Hanyoyin Kalifoniya

Idan aka ce tirela a Nijeriya, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne ƙatuwar motar nan mai tayoyi birjik, wadda ke ɗauko siminti daga kudu ta koma da shanu ko albasa daga arewa. To, amma a ƙasar Amurka akwai wata 'yar ƙanƙanuwar tirela, wadda mutum guda zai kama bakinta ya ja ta da hannu daga gareji zuwa bakin titi ba tare da ya nemi taimako ba. Ba ta da inji, ba ta ɗaukar kaya, kuma babu mai iya miƙewa tsaye a cikinta. Ɗakin kwana ce kurum ta mutum biyu a bisa taya biyu, wadda akan ɗaura a bayan ƙaramar mota a shiga duniya da ita.

Sunan da suka ba ta, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne ɗigon hawaye. Dalili kuwa shi ne siffarta. In ka tsaya a gefe ka dube ta, za ka ga gabanta ya yi tudu ya zagayo kamar ƙwarya, sa'an nan rufin ya yi ta gangarowa yana tsukewa har ya haɗu da ƙasan a baya, kamar dai ɗigon ruwa da aka kwantar da shi. A tsakiya akwai 'yar ƙofa da taga, wadda mutum kan zauna a bakinta ya tuɓe takalmi, ya jawo ƙafafunsa ciki. Abin da ke ciki katifa ce daga bango zuwa bango, da 'yan akwatunan ajiye tufafi a sama da ƙafafu, da fitila. A baya kuwa akwai wani murfi da akan ɗaga sama kamar but ɗin mota, a ƙarƙashinsa nan ne kicin yake: risho, da tukwane, da jarkar ruwa, da kular ƙanƙara. Mai girki a waje yake tsayawa, murfin nan ne inuwarsa.

Girman ta na asali ba wani masani ne ya zauna ya ƙayyade shi ba, 'yan katako ne. A Amurka fallen katakon filawud da ake sayarwa a kasuwa faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ba ya son asarar ko da taƙi guda, sai ya shimfiɗa falle ɗaya ya zama daɓe, ya tsai da biyu a gefe su zama bango. Da haka ɗakin ya fito da faɗin ƙafa 4, da tsawon ƙafa 8, da tsayin ƙafa 4. Har yau, ko da yake wasu sun ƙara faɗin zuwa ƙafa 5 don katifa ta wadata, wannan awon shi ne uwa. Yawancinsu kuma nauyinsu bai kai kilo 500 ba.

Haihuwar wannan ɗaki ta zo ne a lokacin tsanani. Tattalin arzikin Amurka ya karye a cikin 1929, miliyoyin mutane suka rasa aiki, sa'an nan fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga tsakiyar ƙasar, suka kama hanya mai lamba 66 zuwa Kalifoniya da tarkacensu a ɗaure bisa rufin mota. A waɗannan shekaru na 1930 kuɗin otal ya fi ƙarfin talaka, amma akwai tsofaffin tayoyi a bola, akwai katako mai araha, kuma galibin magidanta sun iya riƙe zarto. Mujallun koyar da sana'ar hannu suka shiga buga zanen yadda ake haɗa ta. A cikin 1939 mujallar Popular Homecraft ta kawo labarin wani mutumin birnin Pasadena da ya ƙera irin ta don tafiyar angwancinsa. A watan Satumba na 1947 kuma mujallar Mechanix Illustrated ta buga wani zane na ɗakin mutum biyu, wanda har gobe masu wannan sha'awa suna nemansa suna kwafa.

Bayan an gama Yaƙin Duniya Na Biyu a 1945 ne abin ya bunƙasa sosai, musamman a kudancin Kalifoniya inda masana'antun jiragen saman yaƙi suke. Yaƙi ya ƙare, ga rarar kwanon alminiyam ana sayarwa a banza, ga tayoyin motocin soja na jif, ga kuma dubban ma'aikata da tsofaffin sojoji waɗanda hannunsu ya faɗa da aikin kwano da ƙusa. Ƙananan kamfanoni irin su Kit da Kenskill, daga baya kuma Benroy, suka fara ƙerawa suna sayarwa. Amma daɗin bai daɗe ba. Da aka shiga tsakiyar shekarun 1950 kuɗi ya yawaita a hannun jama'a, man fetur ya yi araha, motoci suka ƙara girma da ƙarfi, gwamnati kuma ta soma shimfiɗa manyan tagwayen hanyoyi a ƙarƙashin dokar 1956. Wanda ya sami halin jan ɗaki mai makewayi da falo, me zai yi da akwatin da sai ya rarrafa zai shiga? Ɗigon hawaye ya koma bayan gida, kaji suna kwana a ciki.

Sai cikin shekarun 1990 aka sake waiwayarsa. Masu sha'awar tsofaffin motoci ne suka fara tono su suna gyarawa, sa'an nan intanet ta zo ta sauƙaƙe wa kowa samun tsofaffin zanen da shawarar waɗanda suka riga shi. A yau akwai kamfanoni da yawa da ke ƙera sababbi, wasu ma kuɗinsu ya kai na mota. Sai dai waɗanda suka riƙe abin da gaske suna ganin cewa wanda ya saya ya sayi rabin daɗin ne kawai.

Aikin Gareji

Mai ƙira kan fara ne da gindin ƙarfe. Wanda ya iya walda ya haɗa nasa, wanda bai iya ba ya sayi 'yar tirelar ɗaukar kaya da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, ya ɗaure ta da noti. A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci, watau inda za a sa tayoyin. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan bakin da aka maƙala wa mota. Da yake kicin da batir da ruwa duk a baya suke, dole a matsar da tayoyin baya fiye da tsakiya. Wanda ya yi sakaci da wannan lissafi ba zai gane kuskurensa a gareji ba. Sai ranar da ya hau babbar hanya, wata babbar mota ta wuce shi da iska, tirelar ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, tana neman juya motar da ke jan ta. Mutane sun halaka ta wannan hanya, kuma taka birki da ƙarfi a lokacin ƙara dagula al'amarin yake yi.

Daga nan sai daɓe, wanda akan shafe ƙarƙashinsa da kwalta ko fenti mai kauri saboda ruwan hanya. Sa'an nan bango. Akan haɗa fallen biyu a danne su wuri guda, a zana siffar ɗigon, a yanke su tare don kada ɗaya ya saɓa wa ɗan'uwansa. Masu ƙira kan yi kwanaki suna jan layin nan da fensir suna gogewa, domin kyan ɗakin duka a kan wannan lanƙwasa ya rataya, kuma zarto ba ya mayar da abin da ya ci. In bango ya tsaya, sai a gitta sanduna a tsakaninsu kamar azarar ɗaki, a cusa soso mai hana zafi da sanyi a tsakanin sandunan, a kawo filawud mai laushi, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba, a lanƙwasa shi a hankali bisa rufin. A ƙarshe a lulluɓe da alminiyam. Gwanaye ba sa manne kwanon gaba ɗaya da gam, domin yana buɗewa idan rana ta buge shi, ya tsuke da dare. A gefe-gefe kawai ake kama shi, a bar shi ya yi numfashi, in ba haka ba sai ya kumbura ya yi tudu-tudu.

Wanda aljihunsa bai kai ga alminiyam ba yana da wata dabara. Sai ya sami yadin tamfol na auduga, ya manne shi a jikin katakon da gam ɗin kafinta, ya yi ta shafa masa fenti har ya ƙoshi ya taurare. Haka magabata suka riƙa rufe ƙananan jiragen ruwa, kuma yana hana ruwa sarai in an yi shi da haƙuri.

Ruwa dai shi ne babban abokin gaban wannan ɗaki, kuma ƙofar da ya fi shigowa ita ce mahaɗar murfin kicin da rufi. Wurin yana motsi kullum, yana shan girgizar hanya, kuma duk ruwan da ya sauka a kan rufin ta nan yake bi. Digo kaɗan da ba a gani ba ya isa ya ruɓar da katako daga ciki a cikin damina biyu, alhali daga waje kwano yana ta ƙyalli. Don haka ne aka ƙera wani hinji na musamman mai haɗe da juna daga gefe zuwa gefe, kuma don haka ne murfin nan ya fi kowane sashe cinye wa mai ƙira lokaci. Akwai garejoji da yawa a Amurka da ɗaki ya kammala a cikinsu shekara da shekaru, saura murfi.

Wanda ya jure, yana aiki Asabar da Lahadi, yakan gama cikin watanni. Daga nan ya kai ta ofishin lasin a duba, a ba ta lambar shaida da lambar hanya kamar kowace mota. Dokar Kalifoniya ta tilasta sa birki ga irin wannan tirela in nauyinta ya kai laba 1,500, watau kimanin kilo 680, abin da ya sa da yawa ke ƙoƙarin tsayawa ƙasa da haka.

Hanyar Bayan Dutse

Wurin da ya fi dacewa a ga amfanin wannan wahala shi ne hanya mai lamba 395, wadda ta bi ta gabashin duwatsun Sierra Nevada. Daga Los Anjelis mutum kan bi hanya mai lamba 14, ya haye tuddai ya faɗa hamadar Mojave, inda babu abin da ido ke gani sai ƙaiƙayin ciyawa da injinan iska masu ba da lantarki, sun jeru bisa tsaunuka. Ba don ado aka kafa su a nan ba, wurin matattarar iska ce, kuma mai jan tirela zai ji ta a sitiyari. A nan ne gajartar ɗigon hawaye ke yi masa rana, gama yana ɓuya a bayan motar da ke jan sa, iska ba ta samun wurin kamawa kamar yadda take samu a jikin manyan. Doka ta hana mai jan tirela wuce mil 55 a awa a duk faɗin jihar, saboda haka kowa zai wuce shi. Mai hankali kuma duk inda ya tsaya shan mai yakan zagaya ya ɗora hannu a cibiyar tayoyin. In ya ji zafin da hannu ba ya jurewa, boris ya bushe, yana neman giris, kuma gara a gyara shi a gidan mai da a tsakiyar hamada.

Bayan tafiyar kimanin mil 200 sai a shiga kwarin Owens. Ta hannun dama akwai wani farin fili mai faɗi kamar an zuba gishiri, wanda taswira ke kira tafki. Tafki ne kuwa a da, har jiragen ruwa masu hayaƙi sun yi jigila a kansa. A cikin 1913 birnin Los Anjelis ya buɗe magudanar da ta karkatar da kogin da ke ciyar da shi zuwa birni, kafin shekara goma sha biyar tafkin ya ƙafe, ya koma tushen ƙura mai cutar da huhu. Manoman kwarin sun yi bore, har sun sha fasa magudanar da nakiya, amma birni ya fi ƙarfinsu. Wani abin mamaki shi ne wannan ƙwace shi ya hana kwarin cika da gidaje, domin birnin ya saye filayen ya bar su fayau. Kyan da matafiyi ke yabawa a yau, asalinsa hasarar wasu ce.

Garin Lone Pine ƙarami ne, titi guda ne ya ratsa shi. Daga tsakiyarsa wata hanya ta yi yamma ta nufi dutsen Whitney, mai tsayin ƙafa 14,505, wanda babu kamarsa a duk Amurka in an cire jihar Alaska. Kafin a kai gindinsa akwai wasu duwatsu jajaye masu santsi, sun taru kamar garken giwaye a kwance, ana kiran su Alabama Hills. An ɗauki ɗaruruwan finafinan kaboyi a tsakaninsu tun zamanin da sinima ba ta magana. Hanyoyin ciki na burji ne, masu kwana-kwana, inda manyan gidajen tafi-da-gidanka ba su iya kutsawa. Ɗigon hawaye kuwa sai ya bi motarsa ya shige lungu, in wurin juyawa ya gagara, mai shi ya kwance shi ya juya shi da hannu.

Ya da zango ba ya cin minti goma. A sa wa tayoyi waigi, a daidaita bakin don kada mai barci ya kwana kansa a ƙasa, a ɗaga murfin kicin, a fito da kujeru biyu. Shi ke nan, gida ya kafu. Da yake ba wurin zama a ciki, duk rayuwar yini a waje take: a nan ake girki, a nan ake ci, a nan ake hira har rana ta faɗa bayan duwatsu, sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Wannan shi ne bambancinsa da manyan, waɗanda masu su kan tuƙo mil ɗari biyar su zo jeji, su rufe ƙofa su kunna talabijin. Haka nan ya bambanta da tanti, domin katifar a shimfiɗe take tun daga gida, ƙasa ba ta taɓa ta, iska kuma ba ta kaɗa bango duk dare.

Amma kada mai karatu ya ɗauka babu wahala. Ba makewayi. In hadari ya taso, mai girki zai jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, in kuwa ruwan ya wuni, mutum biyu za su wuni a kwance cikin akwati, kuma ma'aurata kan ce a nan ne ake gane haƙurin juna. Sa wando ma sai an koyi dabara. Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Ɗakin ƙarami ne, an kuma toshe duk wata kafa saboda ruwa, don haka numfashin mutum biyu ya isa ya sa bango ya yi gumi kafin asuba. Dole a bar taga da mafitar iska ta rufi a buɗe ko da ana sanyi. Wanda kuwa ya shigo da risho ko gawayi don jin ɗumi, ya sayi ajalinsa, domin iskar da ke fita daga wuta a rufaffen wuri ba ta da wari, barci take sa mutum, ba ya kuma farkawa.

Ƙasar Kowa

Abin tambaya shi ne, wa ya ba baƙo izinin kwana a nan? Amsar ita ce ginshiƙin wannan al'ada gaba ɗaya, fiye da katako da alminiyam. Kusan rabin ƙasar Kalifoniya mallakar gwamnatin tarayya ce. Hukumar kula da filayen gwamnati ita kaɗai tana riƙe da eka miliyan 245 a faɗin Amurka, galibi a jihohin yamma, kuma a mafi yawan waɗannan filaye kowa yana iya ya da zango kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba. Ba shinge, ba mai gadi, ba mai tambayar takarda. In ba don wannan ba, da kuma hanyoyin da mutum zai bi da dare bai ji tsoro ba, ɗigon hawaye akwatin katako ne kawai.

Sai dai kalmar kowa tana bukatar gyara. Kwarin nan ƙasar ƙabilar Paiute ce, waɗanda suka haƙa hanyoyin ban-ruwa a cikinsa tun kafin zuwan Turawa. A cikin 1863 sojoji suka tasa kusan mutum 1,000 daga cikinsu a ƙasa zuwa Fort Tejon. Haka kuma a shekarun da mujallu ke tallan 'yancin hanya, baƙar fatan Amurka ba ya fita sai da wani ɗan littafi da Victor Green ya fara bugawa a 1936, mai nuna masa inda za a yarda a sayar masa da mai ko a ba shi wurin kwana. A gandun Shenandoah na jihar Virginia har zango dabam aka ware wa baƙaƙe. Mil goma kuma a arewa da Lone Pine, a bakin wannan hanya ta 395, akwai Manzanar, inda aka tsare Amurkawa 'yan asalin Japan fiye da 10,000 daga 1942 zuwa 1945, a cikin barikokin katako da takardar kwalta, iyali guda a ɗaki guda, ƙura tana shigowa ta ramukan daɓe. Gwamnati ba ta nemi gafara ba sai a 1988. Wurin yanzu gidan tarihi ne, akwai filin ajiye motoci da tirela za ta shiga, kuma ya kamata mai yawon shan iska ya tsaya.

Yau kuma matsalar ta yawa ce. Lokacin annobar korona, Amurkawa suka yi tururuwa zuwa jeji, har masana'antun gidajen tafi-da-gidanka suka fitar da kimanin 600,000 a shekarar 2021, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Hotunan wayar hannu suka tona asirin kowane lungu. A Alabama Hills, wanda aka ba matsayin wurin kariya na ƙasa a 2019, tayoyi sun tattake tsirrai, ƙazanta ta yawaita a bayan duwatsu, har hukuma ta rufe sassa da dama ta taƙaita kwana ga wuraren da ta yi wa alama. Wuta ma ta zama abin tsoro. Gobarar da ta cinye garin Paradise a 2018 ta kashe mutum 85, kuma ko da yake wayar lantarki ce ta haddasa ta, ta nuna wa kowa abin da tartsatsi guda zai iya yi a busasshiyar ƙasa. A wajen zangon da aka gina, ko rishon gas mutum zai kunna sai ya mallaki takardar izini, in rani ya tsananta kuma akan hana hura wutar itace ɗungum.

Daga Lone Pine hanya ta ci gaba arewa ta garin Bishop, tana hawa a hankali har tafkin Mono mai ruwan kanwa. A garin Lee Vining ne ake karkata yamma a kama hawan Tioga, wanda cikin mil 12 yake ɗaga mota sama da ƙafa 3,000, ya kai ta ƙofar gandun Yosemite a tsayin ƙafa 9,945. Dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya. Manyan motoci kan yi ta nishi suna tafasa a nan, a gangara kuma birkinsu ya yi ƙauri. Ƙaramar mota da ɗigonta sai ta sa giya ta biyu ta haye.

A Yosemite doka ta fi tsanani, kuma dalilin dabba ce da ake kira beya, mai jiki kamar na ɗan maraƙi, da ƙarfin hannu da hancin da ya fi na kare nesa. Ta koyi cewa mota rumbu ce, tana iya lanƙwasa ƙofa ta ciro abinci. A 1998 kaɗai an sami ɓarnarta fiye da sau 1,500 a gandun. Saboda haka kowane zango yana da akwatin ƙarfe mai makulli na musamman, inda ake zuba duk abin da ke da ƙanshi, har man goge baki da sabulu. Mai ɗigon hawaye da ya san ciwon kansa yakan kwashe kicin ɗinsa kaf kowane dare, gama filawud ɗin da ya raba kular nama da ƙafafunsa bai kai kaurin yatsa biyu ba. Beyar da ta saba da abincin mutane kuwa ƙarshenta harbi ne. Samun wurin kwanan ma kansa aiki ne, domin ana kama shi ta intanet watanni kafin ranar, kuma na lokacin zafi yakan ƙare cikin 'yan mintoci.

Duk inda ɗigon hawaye ya tsaya, sai an zo kallo. Tsofaffi su ce iyayensu sun yi irinsa, yara su nemi leƙawa, masu manyan motoci su tambaya ko da gaske mutum biyu ke kwana a ciki. Masu su kuma suna da tarukansu na shekara-shekara, irin wanda aka daɗe ana yi kusa da tafkin Shasta a arewacin jihar, inda kowa ke buɗe murfin kicin ɗinsa a zagaya ana duba hinji da aljihun tebur, ana dafa abinci a tukunyar ƙarfe bisa garwashi, wanda ya yi kuskure a ƙira kuma ya nuna wa na baya don kada ya maimaita.

Akwai wasu maƙwabta a filayen gwamnatin nan da ba su zuwa irin wannan taro. Su ne waɗanda kuɗin haya ya kora daga birane, da yawansu tsofaffi ne da fansho bai ishe su ba, suna zaune a cikin motoci da tireloli shekara ta zagayo. Labarinsu ne Jessica Bruder ta rubuta a littafin Nomadland a 2017, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Daga nesa ba a rarrabe su da masu hutu, sai an matso a ga labulen da ya koɗe da farantin sola da tarin jarkoki. A wurinsu dokar kwana 14 ba ƙa'idar shaƙatawa ba ce, sammacin tashi ne sau biyu a wata. A birni kuma garuruwa da yawa sun hana kwana cikin mota a bakin titi, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gari yana da ikon hukunta mai kwana a fili ko da ba shi da wurin zuwa.

Galibi cikin watan Nuwamba dusar ƙanƙara kan rufe hawan Tioga, ba a sake buɗe shi sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Mai ɗigon hawaye ya gangaro gida, ya zubar da ruwan jarka, ya cire batir, ya bi mahaɗar murfin da yatsa yana neman inda ta yi laushi, sa'an nan ya tura ɗakin cikin gareji kusa da injin yankan ciyawa. Waɗancan kuwa da ba su da gareji sai su juya kudu, su bi 395 su sake ratsa Mojave, su ƙetare kogin Colorado zuwa garin Quartzsite na jihar Arizona, inda hukuma ta ware fili a hamada da mutum zai biya kuɗi ya zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu ba a tashe shi ba.